Ranar da Kawu Tamimu Ya Huda Gidan Kyamara

Shekara biyar na yi a Malesiya, huɗu a makaranta, ɗaya a wani shagon masu nutso a bakin teku ina wanke wa Turawa kayan shiga ruwa. Da na dawo Riyad a 2014, jaka ɗaya na sauka da ita a unguwarmu ta Manfuha. A ciki akwai kaya kala uku, takardar shaida, da wata ƙaramar kyamara da na saya hannun maigidana, tare da gidanta na roba mai kauri wanda ake kulle ta ciki a shiga ruwa, da babban filashinta na waje mai girman kwakwa. Niyyata in yi wata biyu in ga Umma, in wuce Jidda inda teku yake, in ci abinci da kyamarar nan.

Abin da na manta shi ne tsaraba.

Washegarin saukata falon Umma ya cika. Ana gaisawa ana satar kallon jakar. Kawu Tamimu, yayan Umma, shi bai iya satar kallo ba. Jawo ta ya yi gabansa ya zuge.

Kawu mai ɗaura dish ne. Shekara goma sha tara yana hawa rufin gidajen Manfuha da direl a kafaɗa, kuma a faɗarsa babu bangon da ya taɓa gagararsa daga Baɗha zuwa Shumaisi. In ka kira shi Mu'allim ba ya waiwayowa, sai ka ce Muhandis, wato injiniya.

"Wannan fa?"

"Kyamara ce, Kawu. Ta cikin ruwa."

"Ta cikin ruwa!" Ya ɗaga ta sama kowa ya gani. "Jama'a ku shaida. Yaron nan yana can bayan duniya, bai tuna kowa ba sai kawunsa. Ya san wanda ya san inji. Bashira, kin haifi ɗa."

Na buɗe baki. Umma ta dube ni, irin duban da ban gani ba shekara biyar amma ban manta fassararsa ba. Na rufe. Kawu ya sa aka ɗaga hannu aka yi mini addu'a, aka shafa. Jidda ta tafi a hammatarsa a cikin ledar bakala, kantin unguwa.

Da baƙi suka watse na bi Umma kicin.

"Umma, da ita fa zan yi sana'a."

"Kafilin kawunka, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, ya rufe shago," in ji ta, ba ta ko juyo ba. "An ba shi zuwa ƙarshen wata ya samo wanda zai karɓi kafalarsa. In bai samu ba, Kano. Ko ɗaki ba shi da shi a can. Ga matarsa Khalida da yara huɗu, Hausar ma da ƙyar suke haɗa ta. Saura kwana goma sha takwas. Ka bar shi ya yi murna da wani abu."

Na fita daga kicin ɗin.

Kwana uku bayan haka, da la'asar, ya aiko a kira ni ƙofar bakala. Na same shi a kan kujerar roba, ƙafa ɗaya kan ɗaya, Moussa na gefe yana dafa shayi. Moussa shi ne mai gadin gininmu, mutumin Damagaram, kuma tun ina yaro ban taɓa jin sun gaisa da Kawu ba tare da tsiya ba.

"Zauna, Shakir. Kowane gini a garin nan me ke ƙarƙashinsa?"

"Hazzan, Kawu."

"Hazzan. Tankin ruwa. In ya tsage ruwa ya riƙa zurarewa cikin ƙasa, yaya ake gano tsagar?"

"Sai an kwashe ruwan."

"Sai an kwashe! Gida ya kwana biyu ba wanka, a kira motar ruwa, mata su yi ta zagi ta taga. To ni, Muhandis Tamimu, zan ɗauko hoton tsagar ko cokali ɗaya ba a ɗiba ba."

Ashe akwai wani Abu Nayif, mai ɗan kamfanin wanke hazzan da liƙe shi, wanda Kawu ya taɓa gyara wa dish. Ya je ya same shi ya ce an kawo masa na'ura daga Malesiya. Abu Nayif ya ce ranar Alhamis ta sama su haɗu a wani gini a Ulaisha. In ya ga tsaga a hoto, ya karɓi kafala.

Tsakani da Allah dabarar ba ta da laifi. Hannun da ta faɗa ne abin tsoro.

"Bon," in ji Moussa yana tsiyaya shayi daga sama. "Kai Bakano, ka iya ruwa?"

"Ni? Sau biyu na tsallake dam ɗin Tiga da iyo. Na biyun da akuya a kafaɗata."

"Akuyar ce ta ƙetarar da kai, ko?"

"Mutumin da garinsu rijiya ma gaba sittin ce, shi zai yi mini maganar ruwa?"

Aka yi gwajin farko a durom ɗin banɗakin Umma. Kawu ya kulle kyamara a gidanta, ya naɗe hannun riga, ya tsoma, ya latsa. Hoto ya fito baƙi ƙirin da ɗige-ɗigen fari.

"Ka gani? Har taurari tana ɗauka."

"Duhu ne, Kawu. Sai an haɗa babban filashin."

Haɗin nan aikin minti biyu ne. Kyamarar tana da ɗan ƙaramin filashinta da ke walƙiya daga cikin gidan. Akwai wata siririyar waya baƙa mai murɗe-murɗe kamar ta tsohuwar tarho. Bakinta ɗaya ana maƙala shi a jikin gidan daga waje, daidai saitin ƙaramin filashin. Ɗaya bakin kuma a cusa shi a wani ɗan rami a ƙasan babban filashin, inda idonsa yake. Ƙaramin ya yi walƙiya, hasken ya bi ta cikin wayar ya taɓa idon, babban ya tashi. Babu abin da ke shiga cikin gidan, shi ya sa ruwa ma ba ya shiga.

Sai dai a gidanmu yaro ba ya ce wa babba ga yadda ake yi. Iyakarsa ya ce ya ji an ce.

"Kawu, na ji an ce wai daga waje ake maƙala wayar."

"Wa ya ce?"

"Wani Bature."

"Baturen ya taɓa ɗaura dish?"

"Ban sani ba."

"To ni na ɗaura dubu huɗu. Waya ba ta tsayawa a waje kamar mai sallama. Shiga take yi."

"An ce wai haske ne ke bi ta ciki, ba wuta ba."

Ya yi dariya har da riƙe ƙofar banɗaki. "Haske! A waya! Bashira, zo ki ji karatun Malesiya."

Ya zaro filaya daga aljihu ya fere bakin wayar. Ya duba. Ya ƙara ferewa. Fuskarsa ta canja.

"Babu jan ƙarfe."

"Ai dama..."

"An cuce ka, ɗana. Zaren kamun kifi suka sa wa riga suka sayar maka." Don ya tabbatar, sai ya datse ta gida uku ya leƙa kowane gutsure. Babu jan ƙarfe ko ɗaya. Ya dafa kafaɗata. "Kada ka damu. Allah ya sa ta faɗo hannun masu abin."

Washegari ya dawo da ƙullin wayar dish mai kaurin ɗan yatsa, da kwalin silikon, da direl. Da na ga direl ɗin na ruga kicin.

"Umma, zai huda."

"Nasa ne."

"In ya huda ruwa zai shiga, kyamara ta mutu, kafala ta mutu."

"To ka ce ka ji an ce."

"Na ce."

"Ka ƙara ji."

Kafin in ƙara ji, ƙarar direl ta tashi. Na dawo na tarar ya danne gidan kyamarar da gwiwa a kan dardumar falo, ya sa masa bakin huda kankare. Gidan ya suɓuce, ya yi juyi uku a bakin direl, ya tashi ya bugi hoton Ka'aba da ke bango. Kawu ya ɗauko shi ya duba hudar ya ce ta yi kyau, sai dai ba a wannan gefen ya kamata ba. Ya yi ta biyu. Ta farkon ya cike ta da silikon, ya ce ta zama ta ko-ta-kwana.

Wayar ta shiga. Sai aka rasa inda za a soka ta a jikin kyamara, don kyamara ba ta da bakin dish. Ya manna jan ƙarfen a gefenta da salatif, ya ce lantarki ba ya buƙatar ƙofa, dangi yake nema. Ɗaya bakin ya naɗe shi a wuyan babban filashin. Da ya zo rufe gidan, ƙofar ta yi tauri kamar yadda ta saba, saboda zoben roba da ke zagaye da bakinta.

"Ga mai laifin." Ya sa farce ya ɓanɓaro zoben.

"Kawu, na ji an ce wai shi ke hana ruwa..."

"Kai kunnenka ya cika ji. Ƙofa ta rufu ko ba ta rufu ba?"

Ta rufu, har da ɗan lilo. Ya miƙa wa Umma zoben, ta ɗaure bakin ledar yaji da shi.

Aka kira Moussa ya zama shaida. Ya tsaya a tsakiyar falo yana murmushin wanda ya zo kallon faɗuwa. Ni ma na jingina da bango ina jiran shiru. Kawu ya yi bisimilla ya latsa.

Fau! Falon ya yi fari fat. Moussa ya yi baya ya zauna a kan faranti.

"Innalillahi! Idona!"

"Jan ƙarfe!" Kawu ya yi ihu. "Jan ƙarfe, Shakir!"

Na san abin da ya faru. Tunda aka cire siririyar wayar, idon babban filashin ya zauna a buɗe. Ƙaramin ya yi walƙiya, hasken ya bugi farin bango ya dawo, idon ya gani, ya tashi. Ko da igiyar shanya Kawu ya ɗaura, haka zai yi. Amma wa zan gaya wa? Moussa yana murza ido ya juyo inda yake zaton nake, ya fuskanci firji.

"Shakir, shekara biyar. Wai me ka karanto ne?"

Kwana biyu Manfuha ba ta huta ba. Kawu ya haska mai bakala ya ba da canjin da ya wuce. Ya haska Basiru mai aski yana tsakar aiki, wani bawan Allah ya fito da rabin gashin baki. Ya haska Malam Abdulwahid, ɗalibin hadisi da ke hawa na biyu, shi kuwa ya tsaya yana ƙifta ido yana cewa "Haza shai'un ajib," ya roƙi a tafi da shi ranar Alhamis ya ɗauki tarihi da 'yar kyamararsa. Mata suka daina leƙowa ta taga in sun ji muryarsa a layi. Ni kuma duk inda na wuce sai in ji ana cewa ga yaron da aka sayar wa zaren kifi.

Ranar Laraba da yamma yana goge kayan sai idonsa ya faɗa kan ɗan ramin nan na ƙasan filashi.

"Subhanallahi. Saura kaɗan. Ta nan ruwa zai shiga."

A duk haɗin nan, nan ne kaɗai ruwa ba zai yi wa komai ba.

"Kawu, na ji..."

"Kada ka ji."

Ya rufe idon da baƙin salatif, ninki uku.

Abin da ya rage mini shi ne zoben. Na kwance shi daga ledar yaji, na wanke, na shafa masa mansa, na mayar da shi yayin da Kawu ya tafi masallaci. Na ce ko ba hoto, kyamarar ta fito da rai. Ranar Alhamis muna cikin motar Basiru, mun kusa Ulaisha, Kawu ya gwada ƙofar ya ji tauri.

"Robar nan aljanu gare ta?" Ya shinshina. "Har da ƙanshin yaji."

Ya sauke gilashi ya wurga ta titi.

Mota biyu muka yi. Ginin hawa huɗu ne, bakin hazzan ɗin yana tsakar gida kusa da ƙofa, murfin ƙarfe mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai fi faranti babba ba. Kawu ya fito cikin farar jallabiya sabuwa dal da hular kwano ruwan ɗorawa. Abu Nayif na jira, dattijo siriri mai carbi, irin waɗanda ba sa kashe kalma biyu inda ɗaya ta isa. Ya dubi na'urar, ya dubi silikon da ya yi tsiro a gefenta kamar kitse, ya dubi jama'ar da muka kwaso. Sannan ya dube ni.

"Ya walad, wannan zai yi aiki?"

Kawu yana gefena. "In sha Allah," na ce.

Ya daɗe yana kallona. Ya ja carbi ɗaya. "Yalla."

Kawu ya yi jawabi tukuna, rabi Larabci rabi Hausa, kan tarihin ruwa tun daga Tiga. Sannan ya ɗaure na'urar a sandar goge ƙasa, ya saita ta ta ɗauka bayan daƙiƙa goma, ya zura cikin rami. Kawunan mutum goma sha ɗaya suka haɗu a bakin hazzan. Aka ƙirga goma. Aka ƙirga ashirin. Duhu bai ko motsa ba. Sai wani sauti ya fara tasowa: ɓul, ɓul, ɓul-ɓul.

"Muhandis," in ji Moussa, "na'urarka tana magana."

"Numfashi take yi."

"Ya yi kama da na ƙarshe."

Ya jawo sandar. Ruwa ya kai rabin gidan, kyamara na zaune ciki kamar kifin ado, fuskarta na nuna shuɗi da kore. Tsiron silikon ɗaya ya fita, baƙin salatif ya jiƙe yana reto.

"Wannan ruwan?" in ji Abu Nayif.

"Na sanyaya inji ne, ɗal umrak, ranka ya daɗe. Kamar lagireto."

"Hoton?"

"Nisa ne. Sanda ba ta da ido. Sai na sauka da kaina."

Basiru ya ce a bari. Ni na ce na ji an ce hazzan na da zurfi. Kawu ya ce wanda ya tsallake Tiga ba a yi masa wa'azi da tanki. Ya tattare jallabiya ya cusa a wando, ya zura ƙafafu ya taka tsanin ƙarfen da ke ciki. Gwiwa ta wuce. Ƙugu ya wuce da ɗan rarrashi. Da aka zo tumbi, sai tafiya ta tsaya.

"Murfin nan ba a yi shi bisa ƙa'ida ba," in ji shi.

"Shinkafar kabsa ce ba a ci bisa ƙa'ida ba," in ji Moussa. "Basiru, kama waccan kafaɗar."

Suka danna. Bai shiga ba. Suka ja. Bai fito ba. Ga shi nan rabi a duniya rabi a hazzan, hannaye sama riƙe da na'ura, hular kwano ta rufe ido ɗaya. Tagogi suka fara buɗewa hawa-hawa. Abu Nayif ya sunkuyo daf da shi don ya ga inda ya maƙale.

A daidai nan Malam Abdulwahid ya tuna aikin da ya kawo shi. Ya ja baya, ya ce "Lit-tarikh," ya latsa 'yar kyamararsa. Filashinta ya yi walƙiya. Idon babban filashi, wanda salatif ya saki, ya gani.

Fau! A tsakiyar fuskar Abu Nayif.

Dattijon ya miƙe ya yi taga-taga, carbi gabas, rawani yamma, yana laluben iska yana kiran sunan Allah.

"Ya yi aiki!" Kawu ya kurma ihu da duk iskar cikinsa. "Kun gani? Ya yi ai..."

Iskar ce dama ta riƙe shi. Tana fita ya zurma. Muka ji tsani ya yi ƙara sau biyu, sannan funjum.

"La ilaha illallah! Na tafi! Shakir! Moussa, ka ce wa Khalida na yafe mata! Ka ce wa Bashira direl ɗina na yara ne!"

Moussa ya kwanta a bakin ramin ya haska da waya.

"Bakano."

"Ruwa ya ci ni!"

"Miƙe tsaye."

Aka ji fantsama kaɗan. Ruwan a ƙirji ya tsaya masa.

"Ga akuya nan za a miƙo maka," in ji Moussa.

Dariyar ba ta yi nisa ba, don wani Bamisire daga hawa na uku ya riga ya sauko da singileti yana ihu cewa akwai mutum a ruwan shansu, da takalmi. Matarsa na taya shi daga sama. Kafin minti biyar tsakar gidan ta cika da masu haya, kowa na tambayar wa zai sha ruwan da aka yi wasiyya a ciki. Abu Nayif, da ganinsa ya fara dawowa, ya ɗauki waya ya ce a kawo injin zuƙa, a kwashe hazzan ɗin kaf, a wanke. Aikin da aka zo don kada a yi shi.

Kawu ya hau tsani, kansa ya ɓullo a bakin ramin, ba hula, gemu na ɗiga. Ya ajiye na'urar a kan siminti. Ruwa ya riƙa fita ta hudar ko-ta-kwana.

"Ɗal umrak, gwaji na farko dama..."

"Halas," in ji Abu Nayif. "Ma'assalama."

Ya juya zai tafi. Na jira in ji Kawu ya kawo wani lagireton. Bai kawo ba. Tunda nake ban taɓa ganin bakinsa a rufe da rana ba. Ya ɗago ido ya dube ni daga ramin, ya ce a hankali, da Hausa, "Kwana shida, Shakir."

Na bi dattijon. A Riyad aka haife ni, Larabcin unguwa ya fi zama a bakina fiye da Hausa, da shi na tare shi.

"Ya ammi, minti ɗaya. Na'urar tana aiki. Shekara guda na yi ina nutso da ita. Ba a huda gidanta, ba a cire mata roba, ba a sa mata wayar dish. Duk abin da aka yi mata, ba a yi."

Ban ce na ji an ce ba. Moussa ya dafe baki. Kawu shekara goma sha tara yana jin Larabci, babu kalmar da ta wuce shi.

"To me ya sa ka yi shiru?"

"Kawuna ne."

Abu Nayif ya karɓi carbinsa daga hannun Basiru. Wannan amsar bai nemi ƙarin bayaninta ba.

"Amma dabarar tasa ce," na ce. "Ni na riƙe kyamarar nan shekara guda, kifi kawai na gani. Shi kwana uku ta yi a hannunsa ya ga hazzan. Kai ka san gini nawa ke yoyo a garin nan."

Ya ja carbi kusan goma yana kallon ƙasa.

"In na sayo sabuwa, kai za ka riƙe?"

"Ni dama Jidda zan..."

Na waiwaya. Kan Kawu na nan a bakin rami kamar an dasa shi.

"Ni zan riƙe."

"Shekara biyu."

"Shekara biyu. Amma tare muke da shi."

"Shi ba zai taɓa ta ba."

"Ba zai taɓa ba."

"Ko da ido."

"Wannan sai dai a yi ƙoƙari."

Ya taka zuwa bakin ramin ya dubi abin da zai karɓa. "Ina da ma'aikata shida, kowanne sai an yi awa ana roƙonsa kafin ya sauka. Wannan da kansa ya faɗa. A ba shi burushi. Ya fara da wanda ya ɓata. Ranar Lahadi ku kawo takardu."

Aka kawo injin zuƙa, aka kawo burushi mai dogon hannu. Sai bayan magariba Kawu ya fito, da taimakon sabulun wanki da mutum uku. A mota ban ɗaga kai ba. Na yi ta shirya yadda zan ba shi haƙuri a gaban Umma, don na san maganar za ta riga mu isa gida.

Muna shiga falo ya zube a kujera, jallabiya ta koma kalar ƙasa. Umma ta fito da ludayi a hannu, Inna Khalida na bayanta.

"Yaya, ya ake ciki?"

Ya gyara zama. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"An karɓa. Ranar Lahadi. Sashen ƙarƙashin ƙasa gaba ɗaya a hannuna yake." Inna Khalida ta fashe da kuka, ya ɗaga mata hannu. "Ba wannan ba ma. Na ce wa mutumin ba zan sa hannu ba sai ya ɗauki yaron nan. Ya yi ta gardama, wai ba shi da ƙwarewa. Na ce ko da shi ko ba ni. Shekara biyar a Malesiya bai sami aiki ba, Bashira. Ni la'asar ɗaya."

Umma ta dube ni. Na tabbata Moussa ya riga ya kira ta, don idonta ya cika da ƙwalla kuma tana danne dariya.

"Shakir, tashi ka yi wa kawunka godiya."

Na tashi na je na durƙusa a gabansa. Ya ɗora mini hannu a ka, hannun na warin sabulu, ya ɗan matsa fiye da yadda ake matsawa, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Ba komai, ɗana," in ji shi. "Ka dai riƙa tambaya in abu ya shige maka duhu."